Kusun ruwa: yadda ake ƙidaya shi, da yadda yanayi ke juya haihuwarsa

Darasinmu na yau bisa kusu ne, wanda waɗansu ke kira ɓera. Kowa ya san ɓarnarsa. Yana tone iri ran da aka shuka shi. Yana shiga rumbu. Yana huda buhu. Amma in aka tambayi mai gona: "Bana kusu ya fi na bara yawa, ko ya ragu?" sai ya yi shiru. Ɓarnar yake gani, ba ya ganin mai ɓarnar.

A ƙasar Turai akwai wani irin kusu da masana suka daɗe suna bin sawunsa. Sun koyi ƙidaya shi ba tare da sun kama shi ba. Sun kuma gane yadda sanyi, da ruwan sama, da fari ke ƙara haihuwarsa ko su rage ta. Za mu fara da labarinsa, sannan mu komo gida mu ga abin da zai amfane mu.

Wane ne kusun ruwa?

Masana na kiransa Arvicola. Ana samunsa a Birtaniya, da yawancin ƙasashen Turai, har cikin Rasha. Babu shi a Afirka.

Tsawon jikinsa santimita 14 zuwa 22 ne, ban da wutsiya. Nauyinsa giram 150 zuwa 300. Hancinsa a dunƙule yake. Kunnuwansa ƙanana ne, gashi ya kusa rufe su. Wutsiyarsa na da gashi. Da waɗannan alamu ake bambanta shi da kusun gida, mai tsinin hanci da manyan kunnuwa.

Yana gina raminsa a gaɓar kogi, ko tabki, ko magudanar ruwa. Ramin na da ƙofofi da yawa, waɗansu bisa tudu, waɗansu ƙarƙashin ruwa. In ya ji motsi, sai ya faɗa ruwa tsundum, ya ɓace. Abincinsa ciyawa ne da tsirran bakin ruwa. An ƙidaya irin tsirrai fiye da 200 da yake ci. Lokacin sanyi, in ɗanyar ciyawa ta ƙare, sai ya koma ga saiwa da ɓawon icce.

Me ya sa aka fara ƙidaya shi?

A Birtaniya ba a ɗauki wannan dabba mai ɓarna ba. Raminsa da cin ciyawarsa na gyara gaɓar kogi, kuma shi abinci ne ga tsuntsaye da waɗansu namun daji. Da can ko'ina akwai shi. Sannu a hankali sai mutane suka lura ba su ganinsa kamar da.

A shekarun 1989 da 1990 wata ƙungiya mai suna Vincent Wildlife Trust ta yi ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya. Masana biyu, Rob Strachan da Don Jefferies, su suka jagoranci aikin. An duba wurare kusan 3,000 a bakin ruwa. Daga 1996 zuwa 1998 aka sake komawa. Abin da aka gano ya ta da hankali: cikin shekaru ƙasa da 10, kusan 9 cikin kowane 10 sun ɓace.

Dalilai biyu ne manya. Na farko, an ɓata gaɓar koguna. An share ciyawa, dabbobi sun tattake wurin, an janye ruwan fadamu. Na biyu, wata dabba mai suna minki, mai kama da tunku. Daga Amurka aka kawo ta don kiwo, saboda fatarta. Waɗansu suka kuɓuce suka yaɗu cikin daji. Minki ta iya iyo, kuma macen siririya ce, tana iya bin kusun ruwa har cikin raminsa. Ba shi da sauran mafaka.

A 2008 doka ta ba kusun ruwa cikakkiyar kariya a Ingila. A 2015 aka kafa wani tsari na ƴan sa-kai, inda kowa ke ɗaukar yanki ɗaya na bakin ruwa yana duba shi kowace shekara. Ku lura: da ba a yi ƙidaya sau biyu a wuri guda ba, da ba wanda zai san girman asarar.

Yadda ake ƙidayar

Mai ƙidaya ba ya jiran ya ga kusun da idonsa. Alamu yake nema. Yana auna mita 500 a gaɓar ruwa, ya raba su kashi 5, kowane kashi mita 100. Yana tafiya a hankali, yana buɗe ciyawa, yana rubuta abin da ya gani. Alamun guda huɗu ne.

1. Kashi. Kashin kusun ruwa ya ɗan fi ƙwayar shinkafa girma. Tsawonsa milimita 8 zuwa 12, ƙarshensa biyu a dunƙule, kuma ba shi da wari. Lokacin haihuwa, macen na tara kashi a wuri guda don ta nuna iyakar wurinta. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace tabbas. Yawan tarin kashin na nuna yawan mata masu haihuwa.

2. Sauran abinci. Yana barin guntayen kara a tare, tsawonsu ya kai santimita 10. Bakin kowane guntu a karkace yake, kamar yadda ake fiƙe alƙalamin kara.

3. Rami. Faɗin bakinsa santimita 4 zuwa 8 ne. In mace na shayarwa, ba ta nisa. Tana cinye ciyawar da ke kewaye da bakin ramin, sai wurin ya zama kamar an yi masa aski.

4. Sawu cikin laka. Wannan alama ba ta isa ita kaɗai ba, domin sawun kusun gida na kama da shi.

Inda gaɓa ke da wuyar bi, sai a ɗaura ɗan allo mai yawo bisa ruwa. Kusun na son hawa bisa ya yi kashi. Bayan ƴan kwanaki sai a zo a duba.

Aikin na da ƙa'ida. Ana yin sa lokacin haihuwa, tsakanin watan Afrilu da watan Satumba. Ba a yin sa bayan ruwan sama mai yawa ko ambaliya, domin ruwa ya wanke alamun. Kuma wuri guda, da lokaci guda, da hanya guda ake bi kowace shekara. In an sake mudu, awo ya ɓaci.

Yanayi da haihuwa

Kusun ruwa ba ya haihuwa cikin sanyi. Yana farawa wajen watan Maris ko Afrilu, sa'ad da rana ta ƙara tsawo, sabuwar ciyawa ta tsiro. Yana dainawa wajen Satumba ko Oktoba. Cikin macen kwana 20 zuwa 22 ne. Tana iya haihuwa sau 2 zuwa 5 cikin shekara, kowane karo ƴaƴa 5 ko 6 galibi.

Ga yadda yanayi ke shiga cikin al'amarin.

In sanyi ya ja da baya da wuri, ciyawa ta tsiro da wuri, haihuwa ma ta fara da wuri. Ƴaƴan da aka haifa kafin watan Yuli na iya girma su haihu cikin wannan shekarar. Sai uwa da ɗiya su haɗu suna haihuwa, yawansu ya hau da sauri.

In sanyi ya daɗe, haihuwa ta makara, karon haihuwa ya ragu. Shi ya sa na tuddan arewacin Birtaniya ba su kai na kudu yawan haihuwa ba.

In an yi ambaliya lokacin haihuwa, ruwa ya cika ramu. Manya na iya tsira da iyo, amma jarirai makafi ne, ba su da gashi, sai su mutu cikin sheƙarsu. Manyan da suka fito fili kuma, maƙiya na jiran su.

In an yi fari, ruwan magudana ya ƙafe. Ƙofofin da ke ƙarƙashin ruwa suka fito sarari. Hanyar gudu ta toshe.

Lokacin sanyi shi ne babbar jarrabawa. A waɗansu wurare har 7 cikin 10 na mutuwa kafin sanyi ya wuce. Ƴaƴan da aka haifa a makare, waɗanda ba su kai kamar giram 170 ba, su suka fi mutuwa. Saboda haka yawan kusun bana ya rataya ga abu biyu: nawa suka tsallake lokacin wuya, kuma wata nawa ɗanyen abinci ya yi a ƙasa.

Ɗan uwansa na Faransa

A Faransa, cikin tuddan Jura da na Obarnyi, akwai ɗan uwansa wanda ba ya zama bakin ruwa. Ƙarƙashin makiyaya yake gina raminsa, yana cin saiwar ciyawa. Can kam mai ɓarna ne. Bayan kowace shekara 5 ko 6 yawansa na hawa, har a samu ɗaruruwa cikin hekta ɗaya. Makiyaya ta lalace, masu shanu su rasa harawa.

Su ma da alamu suke ƙidaya shi. Mutum na ratsa fili a miƙe. Bayan kowane taki 10 sai ya rubuta ko ya ga tulin sabuwar ƙasa da kusun ya turo, ko bai gani ba. Da haka makiyaya ke sanin yawan ya fara hawa, su tashi tun abin yana ƙarami.

Mu komo gida

Ba mu da kusun ruwa, amma muna da namu. Akwai kusun ciyawa mai yawo da rana, wanda ke yin ƴan hanyoyi cikin haki, a fadama da gindin shingen ƙaya. Akwai kusu mai nono da yawa, wanda ke zama gona da gida. Macensa na da nono har 24, tana haihuwar ƴaƴa 10 ko fiye a karo ɗaya, cikinta kuma kamar mako 3 ne. Akwai ƙananan kusun yashi masu dogayen ƙafafun baya, masu tone irin hatsi.

A Turai sanyi ne ke tsai da haihuwa. A Sahel rani ne. In damana ta sauka, ciyawa ta tsiro ta yi ƴaƴa, sai haihuwa ta kankama. Yawan kusu na kaiwa ƙololuwa bayan kaka. Daga nan ya riƙa raguwa, har ƙarshen rani ya zama kaɗan.

Mu yi ɗan lissafi. Mace ɗaya ta haifi ƴaƴa 10. A ce 5 mata ne. Bayan kamar wata 3 sun isa haihuwa. In damana gajera ce, abinci ya ƙare kafin su haihu, kuma rani ya kashe da yawansu. In damana ta yi tsawo, kowace cikin 5 ta haifi 10. Ke nan 50, ban da waɗanda uwar ta ƙara.

An ga haka a tarihi. Bayan babban farin farkon shekarun 1970, ruwa ya komo. A 1975 da 1976 kusu ya cika gonakin Sahel, musamman arewacin Sanigal. Bayan farin 1984 ma haka aka yi. A 1986 da 1987 kusu ya yi ɓarna daga Sanigal har Sudan. Ciyawa ta yi yawa, ga shi kuma fari ya rage masu cin kusu.

A Morogoro, cikin ƙasar Tanzaniya, wani masani ɗan Beljiyam mai suna Herwig Leirs ya yi shekaru yana bincike tare da masanan jami'ar aikin gona ta Sokoine. Sun gano cewa in ruwan farko ya yi yawa, kusu na fara haihuwa kafin lokacinsa, kuma bayan ƴan watanni sai gonakin masara su sha wuya. Wato mai lura da ruwan sama na iya hango kusu tun bai zo ba.

Wani abin lura: inda ake noman rani, kamar Jiratawa, da Ƙwanni, da garakan bakin kogi a Yamai, ɗanyen abinci ba ya yankewa. A irin wuraren nan rani ba ya rage kusu kamar yadda yake yi a jigawa. Sai an ƙara sa ido.

Yadda za ka ƙidaya kusun gonarka

Kana bukatar littafin rubutu, da alƙalami, da toka, da tarko in kana da shi. Ga hanyoyi uku.

Hanya ta farko: rufe ramu. Zaɓi layi mai taki 100 a gefen gona. Kafa alama a farkonsa da ƙarshensa. Da marece, toshe bakin kowane rami da ƙasa. Da ƙafa mai takalmi ko da hauya za ka yi, kada ka sa hannu, domin maciji da kunama na shiga ramin kusu. Da safe ka ƙidaya waɗanda aka buɗe. Su ne masu rai a ciki.

Hanya ta biyu: toka. Da marece, baza toka ko lallausan yashi a wuri 10, kowane kamar faɗin faifai. Ka yi haka a gindin rumbu da bakin shinge. Da safe ka rubuta wuri nawa ke da sawu.

Hanya ta uku: tarko. Ɗana tarko 20 bisa layi, taki 10 tsakanin kowane biyu, dare 3 a jere. Tarko 20 sau dare 3, ke nan 60. In ka kama 6, wato 1 cikin 10. In wata mai zuwa ka kama 18, wato 3 cikin 10: sun ninka sau 3. Ka kuma duba girmansu. In ƙanana sun yi yawa cikin tarko, haihuwa na gudana.

Ka yi ƙidayar sau ɗaya kowane wata, a wuri guda. Kada ka yi ta daren da aka yi ruwa. In zai yiwu, ka riƙa yin ta a kwanaki guda na wata, domin cikin farin wata kusu ba ya yawan fita. A shafi guda ka rubuta ranar ruwan farko, da ranar ruwan ƙarshe. In garinku na da ma'aunin ruwan sama, ka rubuta milimita nawa aka samu. Bayan shekara 2 ko 3, littafinka zai riƙa yi maka gargaɗi.

In ƙidaya ta nuna yawan na hawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da ya fi dacewa a yaƙi kusu shi ne ƙarshen rani, kafin shuka, sa'ad da suke kaɗan. Mace ɗaya da aka kama a lokacin ta fi 20 da za a kama da kaka.

Ku yi aikin tare. In mutum ɗaya ya share gonarsa, na maƙwabci za su cike gurbin. Ku kai maganar ga mai gari da ƙungiyar manoma, ku tsai da rana guda.

Ku nome hakin gefen gona da na bakin magudana. Ku kwashe tarin kara da shara daga kusa da rumbu. Ku ɗaga rumbu daga ƙasa, ku naɗe ƙafafunsa da kwano mai santsi. Ku liƙe duk wata kafa. Kada ku bar amfanin gona ya daɗe zube a fili bayan girbi.

Kada ku kashe mujiya, ko shaho, ko kyanwa. Masu taimakon ku ne. Jaɓa ma ba hatsi take ci ba, ƙwari take ci. Kada ku sa wa daji wuta don farautar kusu ko gafiya, domin asarar abincin dabbobi ta fi ribar.

Maganin kusu guba ne. Yana kashe kaji, da karnuka, har da yara. Kada ku saye shi barkatai a kasuwa. Ku nemi shawarar malamin gona, ku nuna masa littafinku.

Kusu da lafiyar iyali

Ɓarnar kusu ba ta tsaya ga rumbu ba. A 2015 masana suka bayyana cewa sun samu ƙwayar wata cuta mai suna leptospiroz a jikin kusun garakan Yamai. Ƙwayar na fita cikin fitsarin kusu, ta zauna cikin ruwa da laka, ta shiga jikin mutum ta miki ko tsagar ƙafa. Tana kawo zazzaɓi, da ciwon kai, da ciwon jiki, da jan ido, wani lokaci har da shawara. Tana kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake ruɗewa.

Akwai kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu a Najeriya. Kusu mai nono da yawa ne babban mai ɗauke da shi. Yana yaɗuwa ta abincin da fitsari ko kashin kusu ya taɓa.

Don haka ku rufe tukunya, da randa, da kwanon abinci. Ku sa takalmin roba in za ku shiga ruwan garka, musamman in akwai miki a ƙafa. Kada ku ɗauki mataccen kusu da hannu. Ku sa shebur, ku binne shi da zurfi, ku wanke hannu da sabulu. Ku hana yara wasa da shi. Wanda zazzaɓi ya kama, ya tafi gidan likita da wuri, ya kuma faɗa wa likita irin aikin da yake yi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne alamu huɗu ake bi don ƙidaya kusun ruwa?
2. Me ya sa ba a yin ƙidaya bayan ruwan sama mai yawa?
3. Me ke tsai da haihuwar kusu a Turai? Me ke tsai da ita a Sahel?
4. Ka ɗana tarko 10, dare 4. Ka kama kusu 8. Ɗaya cikin nawa ke nan?
5. Ku tambayi tsofaffin garinku: wace shekara kusu ya fi yi musu ɓarna? Yaya damanar da ta gabace ta ta kasance? Ku rubuta amsar cikin littafinku, ku kawo ta aji.